Koyar Da Aikin Jinya Bisa Iyawa: Abin Da Malamai Su Ke Gani

Gabatarwa

Jama'ar Kiyawa da na sauran ƙasar Dutse, an rubuta wannan 'yar takarda ne domin a bayyana muku wani canji da ya shigo makarantun da a ke koya wa 'ya'yanku aikin jinya da na ungozoma, da kuma abin da malaman waɗannan makarantu su ke gani game da shi.

Wataƙila wani ya ce, ina ruwan manomi ko ɗan kasuwa da yadda malami ya ke koyar da ɗalibansa? To, yana da ruwa har da tsaki. Duk wanda ya taɓa ɗauko matarsa da tsakar dare daga Katanga, ko Andaza, ko Shuwarin, ya nufi asibiti da ita tana naƙuda, ya san galibi wadda ta fara tarbarsu a bakin ƙofa nas ce ko ungozoma. Likita yana iya zuwa daga baya, a wani wurin ma babu shi sam. Abin da hannun wannan nas ya iya a daren nan, shi ne abin da zai tsaya tsakanin matar da halaka, da izinin Allah. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata wajen 260,000 ne suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, kuma kimanin 75,000 daga cikinsu 'yan Nijeriya ne. Saboda haka maganar yadda a ke horar da masu karɓar haihuwa da masu jinya magana ce ta ko wane gida.

Mene ne koyarwa bisa iyawa?

Hanyar da aka fi sabawa da ita a makarantun boko ita ce ta ƙidayar lokaci. A kan yanke wa ɗalibi shekaru kaza, malami ya tsaya gaban allo ya yi bayani, ɗalibai su rubuta, a ƙarshen zango a yi jarrabawa a takarda. Wanda ya sami maki 50 cikin 100, alal misali, ya ci, ya wuce gaba. Lokaci a nan ƙayyadadde ne, amma abin da ko wane ɗalibi ya fita da shi ya bambanta.

Koyarwa bisa iyawa ta juya abin. Tun kafin a fara karatu a kan zauna a rubuta ayyukan da lalle ne nas ta iya ran da ta gama makaranta: wanke hannu yadda ya kamata, awon jini, auna zafin jiki, yin allura, sa ƙarin ruwa, wanke miki, karɓar haihuwa, farfaɗo da jaririn da bai yi kuka ba, da sauransu. Ko wane aiki a kan rarraba shi mataki mataki. Ɗaliba ba ta wuce aiki ba sai ta yi shi da hannunta a gaban malami, ya gani da idonsa, ya gamsu. In ba ta iya ba yau, ta sake gobe. Watau a nan mizani ne ƙayyadadde, lokaci kuwa yana iya tsawo ga wani, ya gajarta ga wani.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Ku dubi makarantar allo. Almajiri ba ya wanke allonsa don wata ya cika, sai ya biya wa malam karatun daidai. Yara biyu su kan fara rana ɗaya, ɗaya ya yi nisa, ɗaya yana baya, ba kuwa wanda zai ce a wanke wa na bayan allo don kada ya ji kunya. Haka maƙeri ba ya sakar wa yaronsa maƙera sai ya ga garmar da ya ƙera ta shiga gona ba ta karye ba.

Dalilin da ya sa aikin jinya ya ke bukatar irin wannan mizani a fili ya ke. Rabin maki yana iya isa a jarrabawar tarihi. Amma wadda ta iya rabin matakan farfaɗo da jariri, ta manta rabi, jaririn ba zai yi rabin numfashi ba.

Ku sani kuma, in an ce iyawa a nan, abu uku a ke nufi a haɗe: sanin dalilin aiki, da iya yin sa da hannu, da halin kirki wajen yin sa. Nas ɗin da ta iya allura amma ta ke yi wa mai naƙuda tsawa, a wannan mizani ba ta cika ba tukuna.

Asalin al'amarin

Makarantar jinya irin ta zamani ta samo asali ne daga wadda Florence Nightingale ta buɗe a asibitin St Thomas da ke London a 1860. A nan Nijeriya an yi dokar ungozoma a 1930, aka yi ta rajistar ma'aikatan jinya a 1947, sa'an nan a 1979 aka haɗe hukumomin biyu suka zama Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya. Ita ce har yau ta ke tsara manhaja, ta ke duba makarantu, ta ke shirya jarrabawar ƙarshe, ta ke ba da lasisin aiki.

A zamanin farko ɗalibai sun fi koyon aiki a ɗakin marasa lafiya, a ƙarƙashin manyan sistoci. Hannunsu ya kan faɗa, amma sau da yawa a kan mai da su ma'aikata kawai, ba a bayyana musu dalilin abin da su ke yi. Da ilmi ya ƙaru, karatun aji ya yi yawa, sai aka fara ganin wata illar, watau masu cin jarrabawa da kyau waɗanda hannunsu ke rawa a gaban majinyaci.

Masana da dama sun nemi maganin wannan. A 1975 wani malamin likitoci mai suna Ronald Harden, na Jami'ar Dundee a Sikotlan, shi da abokan aikinsa suka bayyana wata irin jarrabawa ta zagaya tashoshi, wadda za mu yi bayaninta nan gaba. A 1978 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafi kan tsara manhajar likitoci bisa iyawa. A 1990 wani Ba'amurke, George Miller, ya kwatanta ilmin ma'aikacin lafiya da hawa huɗu: na ƙasa ya sani, na biyu ya san yadda a ke yi, na uku ya nuna a gaban mai jarrabawa, na huɗu yana yi a bakin aiki ko ba mai kallonsa. Jarrabawar takarda hawa biyu na ƙasa kaɗai ta ke iya aunawa. A 2016 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fid da jerin abubuwan da shi kansa malamin jinya ya kamata ya iya, domin an lura gyaran ɗalibi ba ya yiwuwa sai an fara da malaminsa.

Mu nan Jigawa, tun da aka yanke jihar daga Kano a 1991, bukatar ma'aikatan lafiya 'yan ƙasa ta ke ƙaruwa. Akwai makarantun jinya da na ungozoma a Birnin Kudu, akwai a Haɗejia da Ɓaɓura, ga kuma makarantar koyon aikin lafiya ta Jahun wadda ta ke horar da ma'aikatan lafiya na karkara. Ɗalibai su kan je koyon aiki a manyan asibitoci da ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka. Saboda haka wannan muhawara ta malamai a ƙofar gidanmu a ke yin ta.

Yadda a ke yi a makaranta

Bari mu ɗauki aiki ɗaya ƙarami don ku ga yadda abin ya ke. An kawo yaro yana tari. Nas tana bukatar ta gane ko mura ce ko ciwon huhu. A aji an gaya wa ɗaliba ƙa'ida: jaririn da bai kai wata 2 ba, in numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya, ya yi sauri, daga wata 2 zuwa ƙasa da shekara 1, iyakar 50 ce, daga shekara 1 zuwa 5 kuwa, 40. Haddace wannan ba wuya. Amma ƙidaya numfashin yaro mai kuka, yana fizge-fizge a cinyar uwarsa, wani abu ne dabam. Sai an lallashe shi ya natsu, a ɗaga rigarsa, a dubi agogo, a ƙirga minti guda cur, a kuma duba ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja numfashi. A sabuwar hanya malami zai yi wannan a gaban ɗalibai, sa'an nan ko wace ɗaliba ta yi, shi ma yana ƙirgawa a zuci, a gwada lissafinsu. In sun saɓa, a sake.

Ayyukan da ke da haɗari ba a fara su a jikin mutum. Akwai ɗakin koyon aiki, inda a ke ajiye gadaje da mutum-mutumi na roba: akwai hannu mai jijiya don koyon sa ƙarin ruwa, akwai ƙugun mace da ɗan jariri don koyon karɓar haihuwa, akwai jaririn da ƙirjinsa ke ɗagawa in an hura masa iska daidai. A nan ɗaliba ta ke yin kuskurenta ba tare da an cuci kowa ba. Malami yana riƙe da takardar jerin matakai, yana yin alama a kan wanda aka yi da wanda aka tsallake. In ta gama, ya zauna da ita ya gaya mata inda ta yi daidai da inda ta kauce.

Daga nan sai asibiti. Ko wace ɗaliba tana da littafin aiki. Duk aikin da ta yi a jikin majinyaci a gaban babbar ma'aikaciya, a kan rubuta shi, wadda ta gani ta sa hannu.

Daga ƙarshe sai jarrabawar tashoshi, wadda malamai da ɗalibai su ke kira OSCE, tana kuwa cikin jarrabawar da Majalisa ta ke yi kafin ta ba da lasisi. A kan jera tebura ko ƙananan ɗakuna. A ko wace tasha akwai aiki guda da 'yan mintoci ƙayyadaddu. A wata ɗaliba ta auna jini, a wata ta shirya allura, a wata ta yi wa uwa bayanin yadda a ke haɗa ruwan gishiri da sukari. In an kaɗa ƙararrawa kowa ya matsa tasha ta gaba. Dukan ɗalibai aiki iri ɗaya su ke yi, da ma'auni iri ɗaya a ke auna su, don haka sa'a ko son ran mai jarrabawa ba su da tasiri kamar da.

Abin da malamai su ke yabawa

Da wuya a sami malamin jinya da zai ƙi manufar wannan hanya. Masu goyon bayanta suna kawo dalilai kamar haka.

Na farko, tana sa takardar shaida ta faɗi gaskiya. In an tura sabuwar nas ƙauye inda ba wanda ya girme ta a aiki, malaminta yana so ya kwanta da sanin cewa ya gan ta da idonsa tana yin abin da za a bukata gare ta. Gani ya kori ji.

Na biyu, tana tono ɗaliba mai rauni da wuri. A aji mai cike da jama'a, yarinya mai kunya tana iya zama a baya shekara guda ba ta buɗe baki ba, ba wanda ya san ba ta gane ba. Amma in dole ne kowa ya fito ya yi da hannunsa, ba wurin ɓuya, kuma a kan taimake ta tun da sauran lokaci.

Na uku, akwai shaida daga asibitoci cewa horo irin wannan yana ceton rai. A 2010 aka ƙaddamar da wani shiri na koya wa masu karɓar haihuwa yadda za su taimaki jariri ya yi numfashi cikin minti ɗaya na farko, ta hanyar maimaita aikin a jikin ɗan mutum-mutumi. Wani bincike da aka buga a 2013 daga asibitoci 8 na ƙasar Tanzaniya ya nuna mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47 cikin 100 bayan an kawo shirin.

Ga wani misali da ya fi kusa da mu. Zubar jini bayan haihuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata. An daɗe ana ƙiyasta jinin da ido, ido kuwa yana rage lissafi. A 2023 aka buga sakamakon wani babban gwaji da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano tana cikin shugabannin aikin. An koya wa ungozomomi su shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa don jinin ya taru a ga yawansa, kuma da zarar ya kai iyaka su yi abubuwa tare ba ɗaya bayan ɗaya ba: murza mahaifa, allurar da ke sa ta tsuke, maganin tsai da jini, ƙarin ruwa, duba inda jinin ke fitowa, da kiran na gaba in abin ya ƙi. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60 cikin 100. Magungunan nan duk an san su tun da. Abin da ya canja shi ne an auna, kuma an horar da hannu ya yi aikin a kan kari. Domin ku gane yawan jinin, rabin lita da a ke ɗauka a matsayin iyaka daidai ya ke da ledar ruwan sha guda ɗaya irin wadda a ke sayarwa a kasuwa.

Inda malamai su ke da ƙorafi

Amma fa yabon manufa dabam, ɗaukar nauyinta dabam. Malaman da su ke cikin aikin kullum suna da damuwa da ya kamata a saurara, domin ba ƙyuya ce ta ke sa su magana ba.

*Yawan ɗalibai da ƙarancin lokaci.* Malami ɗaya yana iya yi wa ɗalibai 100 bayani cikin awa ɗaya. In kuwa zai kalli ko wace ɗaya tana aiki na minti 10, lissafi ya nuna yana bukatar minti 1,000, watau fiye da awa 16, a kan aiki guda tak, ban da waɗanda za su sake. Ayyukan kuwa da yawa su ke. Malamai suna cewa in ba a ƙara yawansu ba, za a riƙa kiran abin da sabon suna alhali tsohon a ke yi.

*Kayan aiki.* Mutum-mutumi yana da tsada, yana kuma lalacewa da yawan taɓawa. Safar hannu da sirinji da auduga suna ƙarewa. Wani lokaci tsoron lalacewa ya kan sa a kulle kayan a kabad, a fito da su ran da baƙi za su zo duba makaranta. Kayan da ke kulle ba su koya wa kowa kome.

*Malamin da ba a koya masa ba.* Yawancin malamai da tsohuwar hanya aka koyar da su. Iya aikin jinya bai zama iya koyar da shi ba. Kallon ɗaliba tana kuskure ba tare da ka fizge sirinjin daga hannunta ba, da gaya mata laifinta yadda ba za ta karaya ba, fanni ne da shi ma sai an koya.

*Haddar matakai.* Wannan ita ce damuwar tsofaffin malamai masu zurfin tunani. Suna tsoron ɗaliba ta haddace jerin matakai kamar aku, ta ci tashoshi duka, amma in majinyaci ya zo da abin da ba ya cikin takarda ta tsaya cak. Mara lafiya ba ya zuwa tasha tasha. Mace ɗaya tana iya zuwa da hawan jini da zazzaɓi da ƙarancin jini a lokaci guda, kuma sanin wanda za a fara da shi ba ya shiga jerin alamomi. Wata malamar jinya Ba'amurkiya, Patricia Benner, ta rubuta a 1984 cewa nas tana bin matakai biyar daga sabon shiga zuwa gwaninta, kuma mataki na uku, wanda ta kira na iyawa, sai bayan shekara 2 zuwa 3 a bakin aiki iri ɗaya a ke kai shi. Malamai su kan kafa hujja da wannan su ce kada jama'a su zaci makaranta za ta fid da gwanaye. Abin da za ta iya shi ne ta fid da wadda ba za ta cuci majinyaci ba, mai kuma shirin ci gaba da koyo.

*Roba ba mutum ba ce.* Mutum-mutumi ba ya kuka, ba ya jin kunya, ba shi da uwar miji a bakin ƙofa. A asibitin Haydom na Tanzaniya an lura cewa horon kwana ɗaya ya gyara aikin ma'aikata a jikin ɗan roba, amma bai canja abin da su ke yi a ɗakin haihuwa ba, sai da aka koma yin gajeren atisaye a kai a kai a cikin asibitin, sa'an nan aka ga mutuwar jarirai ta ragu. Wannan ya gaskata masu cewa iyawa tana dushewa in ba a wasa ta.

*Saɓani tsakanin makaranta da asibiti.* An koya wa ɗaliba ta wanke hannu da sabulu a ruwa mai gudu na daƙiƙa 40 zuwa 60. In ta je inda famfo ba ya kawo ruwa, ko ta tarar ma'aikaciya ɗaya tana fama da ɗaki cike da majinyata, ba ta da sukunin tsayawa ta kalle ta, sai ɗalibar ta koyi yanke hanya. A irin wannan hali ne kuma a ke samun sa hannu a littafin aiki a kan abin da ba a gani ba. Malamai suna ɗaukar wannan babban haɗari, domin littafin da ya cika da sa hannun alfarma ya fi wanda ba kome a cikinsa illa.

*Harshe.* Da Turanci a ke karatu da jarrabawa, da Hausa ko Fulatanci a ke jinya. Ɗaliba tana iya bayyana alamun jijjigar masu ciki da Turanci tsaf, amma ta rasa yadda za ta fahimtar da mai ciki da mijinta cewa ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da gani dishi-dishi alamun tafiya asibiti ne nan take. Saboda haka wasu malamai suna ganin ya kamata a riƙa gwada ɗalibai yin bayani da harshen majinyaci.

Inda ra'ayoyin suka haɗu

In aka tattara maganganun nan za a ga ba wanda ya ce a koma baya. Masu yabo da masu ƙorafi sun haɗu a kan abubuwa kamar haka. Jerin matakai tsani ne na mai farawa, don haka bayan ɗaliba ta yi aiki a tambaye ta dalilin ko wane mataki, a kuma canja mata labarin majinyacin a ga yadda za ta yi. Karatun aji yana nan da muhimmancinsa, domin wanda bai san yadda jiki ya ke aiki ba ba zai gane lokacin da ya kamata a bar ƙa'ida a kira likita ba. A raba ɗalibai ƙungiya ƙungiya, waɗanda suka iya su riƙa jan na baya, ɗakin koyon aiki kuma ya kasance a buɗe har bayan an tashi daga aji. A zaɓi ma'aikata na musamman a asibitoci, a horar da su jagorancin ɗalibai, a rage musu wani aikin. Bayan an gama makaranta kuma a ci gaba da sabunta ilmi, abin da Majalisa ta riga ta sa cikin sharuɗan sabunta lasisi.

An taɓa gwada wasu daga cikin waɗannan a jiharmu. Daga 2012 zuwa 2020 an gudanar da wani shiri da taimakon Gwamnatin Ingila a Jigawa da Kano da Katsina da Yobe da Zamfara, don ƙara yawan mata ma'aikatan lafiya. Cikin abin da ya kawo akwai ajin share fage ga 'yan matan karkara waɗanda sakamakonsu na sakandare bai kai ba, a ƙarfafa musu ilmin kimiyya da Turanci kafin su shiga makarantar jinya ko ta ungozoma, da nufin su koma garuruwansu su yi aiki. Wannan ma koyarwa ce bisa iyawa: ba a sauke mizani ba, an ƙara wa mai bukata lokaci ne ta kai gare shi.

Abin da a ke bukata gare ku

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abin da jama'a za su iya yi.

Iyaye, in an ce 'yarku ko ɗanku ya sake wani aiki, ko an jinkirta masa jarrabawa, kada ku ɗauka ƙiyayya ce, kada kuma ku tashi neman wani babba ya sa baki. Malamin da ya ƙi sa hannu a kan abin da bai gani ba, ran wani ya ke karewa, wataƙila ma na wani daga cikin gidanku.

Majinyata da masu jinyarsu, in kun ga ɗaliba tare da babbar ma'aikaciya, ku yi haƙuri ku ba ta dama ta koya. Haƙƙinku ne a nemi izininku tukuna, a gaya muku ɗaliba ce, kuma babbar ta tsaya a kanta har ta gama. In ba ku yarda ba kuna iya faɗi, ba kuwa za a hana ku magani saboda haka ba. Sai dai ku tuna duk gwanar da ku ke nema a yau, a jikin wani mai haƙuri ta fara.

Hakimai da dagatai da masu unguwanni da malaman gari, ku ƙarfafa wa iyaye gwiwa su bar 'yan mata su gama sakandare su nemi waɗannan makarantu. Mace ta fi sakin jiki da mace 'yar'uwarta, wadda ta san harshenta da al'adarta, kuma 'yar gari ta fi zama a gari.

Kwamitocin lafiya na unguwanni, ku sa ido a kan ruwa da sabulu da haske a ɗakunan shan maganinku, ku kai kuka inda ya dace in sun yanke. Abin da ɗaliba ta gani a can shi za ta ɗauka a matsayin aiki.

Ɗalibai kuma, kada ku nemi sa hannu a kan aikin da ba ku yi ba. Ku roƙi a kalle ku, ku roƙi a gyara muku, ku maimaita har hannu ya saba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Daren da za a kawo muku mai zubar jini, ku kaɗai a ɗaki, ba lokacin buɗe littafi ba ne.

Wanda ya ke son ƙarin bayani game da shiga waɗannan makarantu, sai ya tuntuɓi sashen lafiya na ƙaramar hukumarsa, ko Ma'aikatar Lafiya ta Jiha da ke Dutse. In kun karanta wannan takarda, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sauki matanmu lafiya.